Kogon Haƙorin Hansatu

Da sunan Allah nake farawa, shi ya san abin da na daɗe ina ɓoyewa. Sunana Haruna, tsohon malamin firamare ne ni, na yi shekaru ina koyarwa a Kanya Babba ta ƙasar Babura. Abin da zan faɗa a gidana ya faru, a zamanin da kuɗin mai suka fara zuwa hannun irinmu ƙananan ma'aikata. Ba don a tausaya mini na rubuta ba. Na rubuta ne saboda har yau ina ganin mutum ya dafe kunci yana nishi, mutane suna wucewa suna cewa ai ciwon haƙori ne kawai.

Matata Hansatu 'yar Roni ce. Lokacin da aka kawo ta, haƙoranta farare ne tas. Da asuwaki a baki take shara da safe, da shi take alwala, ranar Juma'a kuma ta daka gawayi da gishiri ta dirje su da yatsa. A gidansu ba a san zaƙi ba sai na rake, ko dabino in azumi ya zo.

Ba mu daɗe da aure ba aka yi mana ƙarin albashi, aka haɗa mana da na watannin baya. Na sayi babur, na sayi rediyo, na kuma ɗauko wata ɗabi'a ta shiga kantin Babura duk ƙarshen wata. Sai in ɗauro kwalayen sukari mai iyali a bayan babur, da madarar gwangwani mai kauri, da biskit, da alawa, wani lokaci har da lemon kwalba. Ina son a ga cewa gidan malami ya bambanta da sauran gidaje. In na ga Hansatu za ta sha koko haka nan, sai in ce, "Haba, matar malamin makaranta da koko babu sukari?" in zuba mata da hannuna. Tun tana cewa ya yi yawa har ta saba. Daga baya sai ta riƙa jefa ƙwayar sukari a gefen kunci tana tsotsa tana aiki, ɗaya ta narke ta jefa wata, wuni guda.

Asuwakin ma ni na raba ta da shi. Wata rana abokaina malamai suka zo, ta fito gaishe su da shi a hannu. Bayan sun tafi na ce mata wannan ƙauyanci ne, na kawo mata buroshi da man goge baki. Man ya ƙare cikin wata ɗaya. A Kanya ba a sayar da shi, ni kuma in na je Babura sukari nake tunawa, shi ba na tunawa. Ita kuma tana kunyar in sake ganinta da asuwaki. Sai ta bar duka biyun. Wajen shekara biyu aka yi a haka. Ni kuwa duk ranar Litinin sai na jera yaran ajina a rana na duba farcensu da haƙoransu, wanda na ga nasa da datti ya sha bulala. Bakin matata ban taɓa dubawa ba.

Muna da 'ya ɗaya a lokacin, 'yar fari, watanta bakwai. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka muke kiranta Uwani. Hansatu ba ta kama sunanta saboda kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yarinyar nan". Mahaifiyata, Inna, tana zaune tare da mu.

Cikin bazara abin ya fara. Na dawo daga makaranta da azahar, na tarar da Hansatu tsaye bakin randa da moɗa a hannu, ta runtse ido ɗaya.

"Lafiya?"

"Malam, in na sha ruwan sanyi sai in ji kamar an soka mini allura a nan." Ta nuna kuncinta na hagu, ta ƙasa. "Akwai wani ɗan rami a turmin haƙorina, tuwo yana maƙalewa ciki."

Na ce ta tauna kanumfari. Na ba ta ƙwayar asfirin biyu daga aljihuna, na ci abinci, na koma makaranta, domin a lokacin muna shirya 'yan aji bakwai jarrabawar shiga sakandare, kuma ina so a ce yaran Malam Haruna ne suka fi cin nasara.

A mako na biyu ba sai ta sha ruwa ba, ciwon da kansa yake tasowa. Ta daina tauna ta wannan gefen. Ta daina barcin kirki, sai in ga idonta ya yi ja da safe. Maƙwabta suka fara kawo nasu. Wata ta kawo garin taba da kanwa aka cusa a ramin, Hansatu ta yi ta amai. Wata ta ce a tafasa saiwar wani itace a riƙa kurkurawa. Wani direba da muke gaisawa ya ce in ɗiga mata ruwan batir da tsinke, ya rantse shi ya warkar da nasa. Wannan kaɗai na ƙi, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kai, kamar wani abin kirki na yi.

Ranar wata Alhamis da la'asar ta durƙusa gabana, Uwani a bayanta.

"Malam, da ka taimaka ka kai ni Kazaure wurin Yaya Tabawa. An ce akwai asibiti, ko cire shi za a yi in huta."

Kafin in buɗe baki Inna ta amsa daga bakin ɗakinta. "A cire me? Mace mai shayarwa a zare mata haƙori? Jinin da za ta zubar fa, da me za ta shayar da yarinya? Akwai wata a Gwiwa da aka cire wa, har yau idonta ɗaya ba ya gani. Haruna, tsutsa ce, kowa ya san tsutsa ce. Ranar kasuwa mai cire ta zai zo."

Na san babu wata tsutsa. A littafin kiwon lafiya da nake koyar da yara an zana haƙori an nuna yadda yake ruɓewa. Amma musu da Inna a gaban surukarta abu ne mai nauyi, zuwa Kazaure kuma yana nufin in bar aji kwana biyu. Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi.

"Ki yi haƙuri a gama jarrabawa," na ce. "Saura kwana goma sha."

Ta ce, "To, Malam." Ta tashi.

Mai cire tsutsa ya zo ranar kasuwa, wani dogon mutum mai jakar fata. Ya sa aka gasa tsingaro a wuta har ya yi ja, ya zuba wasu 'ya'yan itace ƙanana da ɗan mai a kai, ya kifa mazurari, ya ce Hansatu ta kafa baki hayaƙin ya shiga. A ƙasa akwai ƙwarya da ruwa. Tana tari tana hawaye, shi yana cewa ta daure. Da ya ɗaga, sai ga wasu farare-farare sirara suna yawo a kan ruwan. Matan gida suka ɗau salati. Inna ta ɗauki ƙwaryar ta kawo mini har gaban hancina.

"To, malamin boko, ga su nan. Ƙirga."

Daga baya wani ya gwada mini cewa daga cikin 'ya'yan itacen suke fitowa in zafi ya fasa su, ko babu bakin kowa a wurin. A ranar dai na sallami mutumin, har na ƙara masa goro.

Abin da ya ƙarasa ruɗa mu shi ne, bayan kwana uku ciwon ya ɗauke ɗif. Hansatu ta yi barci, ta ci tuwo, ta yi dariya. Inna tana ta ba baƙi labari. Ni kuma don murna na je Babura na ɗauro mata lemon kwalba. Ban san cewa jijiyar haƙorin ce ta mutu ba, ruɓar kuma ta wuce ƙasa ta shiga ƙashi.

A mako na huɗu ta tashi da kunci a kumbure. Inna ta ce hangum ne, aka jiƙa gidan zanzaro aka shafa mata. Washegari kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri kamar dutse, fatar tana sheƙi. Zazzaɓi ya rufe ta. Bakinta da yake buɗuwa yatsa uku ya koma biyu, ya koma ɗaya. Wani wari ya fara fita daga bakin, har ta riƙa juya fuska in za ta ba Uwani nono. Yawu ma ya gagare ta haɗiya, sai ta ajiye ƙoƙo kusa da ita. Jarrabawa saura kwana biyu. Na ce wa kaina, kwana biyu dai.

Ban san wanda ya kai labari Kazaure ba. Ranar da aka gama jarrabawar na dawo gida da rana tsaka, na tarar da Yaya Tabawa, yayar Hansatu, tsaye a tsakar gida ko mayafi ba ta cire ba. Mace ce mai kawaici, tun da na auri ƙanwarta ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ran nan ta dube ni.

"Malam, ka shiga ɗakin nan yau?"

"Na leƙa da safe, Yaya."

"Ka ji yadda take numfashi? A zaune take, ta kasa kwanciya. In ta kwanta maƙogwaronta toshewa yake. Harshenta ya ɗago ya cika baki. Kai da ake cewa ka yi karatu. In ba za ka nemo mota ba ka faɗa mini, in goya ta in kama hanya."

Inna ta fara cewa ai an aika a kira wanzami ya tsaga wurin. Yaya Tabawa ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ki gafarce ni, ke uwa ce. Amma babu aska da za ta taɓa wuyan yarinyar nan ina raye."

Na samo a-kori-kura da ta sauke buhuna za ta koma. Da aka zo maganar Uwani, Inna ta ce ba za a tafi da ita ba, nonon mai irin wannan zazzaɓi ya riga ya ɓaci, a bar mata jikarta. A nan ma na ga wurin nuna wayewa. Na ruga kanti na sayo bulumboti, kwalbar shayar da jarirai, da gwangwanin madarar gari, na nuna wa Inna yadda ake damawa a gurguje. Ban ce mata a tafasa ruwan ba. Ban ce a riƙa tafasa kwalbar ba. Na ɗauka kowa ya sani, ko kuma ni ma ban tuna ba, Allah ya fi sani. Aka kwance yarinyar daga jikin Hansatu. Ta bi ta da ido har aka fita da ita daga ɗakin.

A ɗakin shan magani na Babura malamin asibiti ya haska bakin da tocila, ya yi mata allura ɗaya, ya ce kada mu tsaya ko shan ruwa. A Kazaure suka sa mata ƙarin ruwa, suka faɗa mana gaskiya cewa ba su da likitan haƙori, wannan kuma ya ma wuce haƙori, suka rubuta mana takarda zuwa birni. Da safe muka shiga ƙaramar bas, Hansatu a zaune tsakaninmu, Yaya Tabawa ta tallafe mata kai, duk ramin da mota ta faɗa sai ta damƙe hannun yayarta.

Ba zan faɗi sunan asibitin da muka je ba. Mun isa da hantsi, muka tarar da layin yankar kati ya fito har waje. Na kai takardar tagar, na ce da mai yankar katin matata ba ta iya numfashi. Bai ɗago kai ba.

"Me ke damunta?"

"Haƙori ne ya..."

"Haƙori? Masu haƙori ranar Talata suke zuwa. Koma baya."

Na yi masa Turanci, ya yi mini wanda ya fi nawa, ya ja tagar ya rufe ya ce lokacin karin kumallonsa ya yi. Muka zaunar da Hansatu a gindin bango, yawu yana zuba a zaninta, numfashinta yana fita da wani sauti kamar ana jan tsumma a ƙasa. Mutane suna wucewa suna toshe hanci. Wata dattijuwa mai shara ce ta tsaya, ta jingine tsintsiyarta, ta leƙa fuskar Hansatu. Ba ta tambaye mu komai ba ta tafi da sauri, sai ga ta ta dawo riƙe da hannun wata nas. Nas ɗin tana ganin wuyan ta ƙwala kira a kawo gadon turawa. Katin sai daga baya aka yanka.

A ranar aka shiga da ita tiyata. Suka tsaga ƙarƙashin muƙamuƙinta wuri biyu, suka sa 'yan robobi don mugunya ta riƙa fita. Nas ta ce abin da ya fito ya kusa cika kwano. Haƙorin sai bayan kwana biyar suka iya kaiwa gare shi, da bakin ya ɗan saki. Suka cire shi, suka cire na kusa da shi da ya fara bi.

Likitan baƙo ne daga wata ƙasa, gajere mai furfura. Da ya ji ni malamin makaranta ne sai ya kira ni ofishinsa, ya ajiye mini haƙorin a kan auduga. Samansa ya rufta, ciki baƙi ƙirin, sai bango kawai ya rage.

"Yaushe ta fara faɗa maka?" ya tambaye ni da Turanci.

Na ce wata ɗaya ke nan.

"Wannan ramin ya fi shekara yana girma. Wata ɗaya da ya wuce, aikin minti ashirin ne. Da kun ƙara kwana ɗaya, da gawa za ku ɗauka." Ya tambayi abin da take ci, na faɗa masa, ban rage ba. Ya girgiza kai. "Ba yawan sukarin kaɗai ba ne, daɗewarsa a baki ne. Wanda ya sha shayinsa lokaci ɗaya ya kurkure baki ya fi wanda yake tsotsar ƙwaya ɗaya-ɗaya wuni guda. Kuma kada zaƙi ya kwana a baki. A goge da safe, a goge kafin a kwanta, na kwanciyar ya fi muhimmanci. Tana goge baki?"

Na ce da tana yin asuwaki, ni na hana ta.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Don me? Itacen nan yana aiki in an yi da kyau, lungu-lungu. Buroshin da ba a taɓawa ba ya aikin komai. Me kake koya wa yara a makarantar taka?"



Mako uku Hansatu ta yi a gadon nan, kuma jinyar duk a wuyan Yaya Tabawa ta faɗa. Maza ba sa zama a ɗakin mata, sai lokacin ziyara nake shiga, sauran wunin ina gindin wata bishiyar maina tare da sauran masu jiran nasu. Yaya Tabawa ce take tace koko ya zama kamar ruwa, ta ɗiga mata ta gefen baki da ƙaramin cokali, cokali ɗaya sai an huta. Ita take wanke tsummokaran da mugunya ta ɓata. Ita take riƙe ta in an zo wanke ciwon da safe, ana zaro auduga daga cikin ramin ana cusa sabuwa, Hansatu tana karkarwa ba ta da bakin ihu. A kwanakin farko nononta ya cika ya yi tauri, Yaya Tabawa take matse mata a kwano ta zubar. Kafin mako biyu ya ƙafe. Aka kawo wasu 'yan katakai sirara, kullum a cusa tsakanin haƙoranta a ƙara ɗaya, don muƙamuƙin ya koyi buɗuwa. Wasu allurai babu su a asibitin, sai a rubuto in fita gari nema. Babur ɗin nan da nake taƙama da shi a nan ya tafi, rediyon ya bi shi.

In na shiga ziyara, Hansatu ba ta tambayar 'yarta a gaban yayarta. Sai Yaya Tabawa ta fita wanke kwano, sannan ta dube ni ta haɗa hannuwa a ƙirji ta ɗan jijjiga. Ni kuma in ce, "Tana lafiya, tana wurin Inna." A lokacin ban san komai ba, faɗa kawai nake.

Da aka shiga mako na biyu na ce bari in je gida in dubo su. Ruwan farko ya sauka a hanya. Na shiga gida na tarar da Inna zaune a tsakar ɗaki da Uwani a cinya. Ban gane yarinyar ba. Idonta ya faɗa, maɗigarta ta lotsa, fatar cikinta in an ja ba ta komawa. Kwana huɗu tana gudawa da amai. Bulumbotin yana gefe, ƙudaje a kan bakinsa, madarar safe ta tsinke a ciki. Inna ta ce haƙori take fitarwa, duk yara haka suke yi, ta ba ta jiƙo. Tana faɗa ne kawai, ita ma ta san ba haka ba ne.

Na ɗauke ta na fita neman mota. Ba mu kai Babura ba. A hannuna ta cika, a bayan motar hatsi, wata mata da ban sani ba ta karɓe ta ta rufe ta da gefen mayafinta. Kafin la'asar mun binne ta.

Bayan kwana uku na koma birni. Na faɗa wa Yaya Tabawa a bakin famfo. Ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta ce likita ya ce kada a tayar wa Hansatu da hankali, mu bari a sallame ta. Da na shiga, Hansatu ta jira yayarta ta fita, ta haɗa hannuwa a ƙirji. Na ce, "Tana lafiya." Sau tara na faɗi wannan kalma, kwana tara, ina sane.

Kafin in ƙarasa, bari in sauke abin da ke kaina na godiya da na ƙorafi. Yaya Tabawa ta rasu da daɗewa, Allah ya haskaka kabarinta, ban biya ta ba kuma ba zan iya ba. Dattijuwar nan mai shara ko sunanta ban tambaya ba, ina sa ta a addu'a tare da iyayena. Nas ɗin da likitan, Allah ya saka musu. Mai yankar kati, da mai jakar fata da ya ci kuɗinmu ya ci mana kwana goma, na yi ƙoƙarin yafe musu, wata rana in ji na yafe, wata rana in ji ban yafe ba. Inna ba ta sake ba kowa shawarar magani ba har ta bar duniya, kuma ba ta sake yarda an sa wa wata jika sunanta ba. Ba na riƙe ta da komai. Abin da ta gada ta yi. Ni ne na san gaskiya na yi shiru.

Hansatu ta rayu. Tabo biyu ne a wuyanta, bakinta bai sake buɗuwa sosai ba, nama sai an yanka mata ƙanana. Allah ya ba mu wasu 'ya'ya biyar, kuma ko ɗaya bai taɓa kwanciya da baki ba a goge ba, ita take tsayawa a kansu, wanda ya sha zaƙi ta miƙa masa moɗa ya kurkure a gabanta. Ku ma abin da nake roƙonku ke nan. Ku duba bakin iyalinku da rana, da idonku. In kun ga baƙin ɗigo, ko aka ce muku ruwan sanyi yana soka, ku tafi a makon nan. In ciwo ya yi tsanani sannan ya ɗauke da kansa, kada ku yi murna, ku ƙara sauri.

Ranar da aka sallame ta muka sauka a Kazaure, gidan Yaya Tabawa, don ta huta kafin mu ƙarasa. Yaya Tabawa ta ja ni gefe ta ce ba za ta bari ƙanwarta ta shiga Kanya ta ji a bakin 'yan gaisuwa ba, kuma ba ita za ta faɗa ba. Ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar rumfa bayan azahar, ta kwashe yaranta ta shiga maƙwabta.

Hansatu tana zaune, bandeji a wuya, ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. A lokacin ta fara iya magana, a hankali, ta tsakanin haƙora. Na zauna na kasa farawa. Na yi maganar ruwan sama, na yi maganar shuka. Ita ta katse ni.

"Yaushe ne?"

Na ce, "Me?"

"Malam, tun ranar da ka dawo daga gida ba ka sake kallon idona ba. Yaushe ne?"

Na faɗa mata. Na faɗa mata ranar, da motar, da matar da ta rufe ta. Na faɗa mata maganar bulumbotin, ban ɗora wa Inna ba. Ta yi salati a hankali. Hawaye suna zuba suna jiƙa bandejin, ta so ta buɗe baki ta yi kuka, muƙamuƙin ya ƙi, sai wani siririn sauti yake fita. Ta daɗe a haka. Sannan ta kama sunan 'yarta, karo na farko da na taɓa ji daga bakinta.

"Uwani," ta ce. "Uwani."

Na ce ta yafe mini. Na faɗa har sau uku. Ta share fuska da gefen zani, ta dube ni, babu faɗa a idonta, sai wani irin mamaki.

"Na yafe, Malam," ta ce. "Amma Kazaure kawai na ce ka kawo ni. Ga ta nan, ashe ba nisa."